Uban Riƙon Shilan

Hinnerk Boysen yana tsakiyar cin burodi da kifi a ofishinsa na majalisar jiha a Kiel ta ƙasar Jamus, Parvaneh ta faɗo ko ƙwanƙwasa ƙofa babu, da farar rigar kantin magani a ƙarƙashin kwat ɗinta.

"Honorabul, ajiye kifin nan. Baban Shilan ya aiko da saƙo."

Shekara goma sha tara Hinnerk yana majalisa, ba a san shi da wata magana ba sai ta tumaki da ganuwar tare ruwan teku. Da aka fara yanke wa masu zanga-zanga hukuncin kisa a Iran, 'yan majalisa suka shiga ɗaukar fursunoni riƙo: kowa ya ɗauki mutum ɗaya, ya dinga rubuta wa jakadan Iran wasiƙa, yana ɗaga hotonsa, yana ambaton sunansa, don masu igiya su san ana kallonsu. Shi Shilan Rostami ta faɗo wa, ma'aikaciyar jinya 'yar shekara ashirin da shida, wadda aka kama tana ɗinke raunukan 'yan mata a ɗakin girkin gidansu. Wasiƙa arba'in da ɗaya ya rubuta, ko tari ba a yi masa ba. Parvaneh kuwa, wadda ta baro Iran tun tana budurwa, ita ce bakinsa da kunnensa. Yau da ƙarfe biyu an ba shi minti uku a majalisa ya nemi gwamnatin tarayya ta kira jakadan ta ja masa kunne.

Ta ɗora wayarta a kan tebur. Muryar wani dattijo ta fito, a dishe, ita kuma tana fassarawa.

"Ya ce jiya wani mutum ya zo gidansu, bai faɗi sunansa ba. Ya ce in Bajamushen nan ya rufe bakinsa, ƙila a mayar da hukuncin kisan ya zama ɗauri. In ya ƙara magana, su kuka da kansu."

Hinnerk ya ja kujerarsa baya. Ya ture burodin gefe.

"To shi ke nan, na fasa. Dama wa ya aike ni? Ni da ko sunan garinsu ban iya faɗa daidai ba, in je in kashe 'yar mutane da surutu?"

"Kai dai akwai gaggawa. Bai gama ba."

Dattijon ya ci gaba. An bar Shilan ta kira gida na minti biyu, ya gaya mata abin da baƙon ya ce, ita kuma ta sa shi ya rantse zai isar da amsarta yadda ta faɗa. Parvaneh ta fassara.

"Ta ce, 'Ku gaya masa kada ya yi shiru. Waɗanda aka yi shiru a kansu su ake fara ɗauka, na gani da idona. Kuma akwai wata a ɗakinmu na kurkuku, Mahganj Rigi, ta girmi mahaifiyata, ba ta da kowa a waje, ko hoto babu mai shi. In doka ta ce mutum ɗaya zai riƙa, ya sauke ni ya ɗauke ta.'"

Hinnerk ya juya ya dubi hoton da ke jingine a jikin fitilar tebur: yarinya siririya mai tabarau, tana dariya da kyanwa a kafaɗa. Minti biyu aka ba ta a duniya, ta kashe ɗaya a kan wata. Shi da yake ganin ya yi jarumtaka don ya manna kan sarki sau arba'in da ɗaya, sai ya ji kunya da wani irin kwarjini sun rufe shi lokaci guda.

"Akwai saura," in ji Parvaneh. "Ya ce ya sauke rantsuwa. Amma shi, a matsayinsa na uba, yana roƙonka don Allah ka yi shiru. Ita kaɗai gare shi."

Ƙararrawar shiga zauren majalisa ta kaɗa. Hinnerk bai motsa ba. Shi ma yana da 'ya, kuma ya san sarai abin da zai roƙa da shi ne. Babu wanda zai iya gaya masa wanne ne zai cece ta, maganar ko shirun.

Can ya jawo farar takarda, ya miƙa wa Parvaneh alƙalami.

"Rubuta min sunan matar da manyan baƙi. Ki faɗa min shi sau uku, kada in kwafsa."

"Baban fa? Me zan ce masa?"

Ya miƙe, ya ɗauki hoton a hannu ɗaya, takardar a ɗayan.

"Ki ce masa ya yafe min. In ya ƙi, yana da gaskiya."