Ƙwan Zabin Gwaggo Rakiyya

Duk Gagarawa babu mai fararen zabi irin na Gwaggo Rakiyya, iri ne da ta gada wurin uwarta. Ana tsakiyar damina ciwo ya shigo unguwa ya share su tas, bai bar mata komai ba sai ƙwarya guda ta ƙwai. Zabuwa kuwa ba ta iya kwanci ba, kaza ake sa wa. Har ta kama kajin da za ta rarraba wa, sai ga Yahuza, ɗan ƙaninta, wanda ya fara koyon rubuta wa kwamfuta umarni a Gumel.

"Gwaggo, wa yake yayin kaza yanzu? Kawo su nan."

Akwati ya haɗa, da ƙwan lantarki da sola da ma'aunin zafi. In zafi ya yi yawa wuta ta mutu, kuma kullum saƙo ya shigo wayarsa. Ta ba shi, don jininta ne.

Duk safiya sai ta leƙa. "Yaya 'ya'yana?"

Sai ya haska mata waya, ita da ba ta san bihim ba. "Ga shi, Gwaggo. Lafiya lau."

Lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce, ko tsiyau ba a ji ba. Ta ture shi ta buɗe akwatin da kanta. Zafi ya bugi fuskarta, wari ya biyo baya. Ta fasa ɗaya: ga ɗan tsako da baki da ƙafafu, ya dahu a cikin ɓawonsa.

Ta kwashe su a ƙwarya, ta kai ƙara wurin mai unguwa Sallau. Aka kira Yahuza, ya zo da kwamfutarsa a hammata.

"Ranka ya daɗe, ɓera ne ya tsinke igiyar ma'aunin. A umarnin akwai inda ake cewa: gwada abu, in ya ƙi, ga abin yi. Da farko in ma'aunin ya ɗan yi gardama sai komai ya tsaya, jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta, abokai suna min dariya. Shi ne na rubuta, ko wane kuskure ya taso a wuce kawai."

"A wuce ina?" in ji Gwaggo.

"A ci gaba. A turo lafiya lau."

"Malaminku haka ya koya maka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya ce a ware kowane kuskure da sunansa. In ma'auni ya yi shiru a kashe wuta, a sanar da mutum."

"To, ashe kwamfutar ta yi maka ihu, kai ka toshe mata baki! Ɗan banza, don kada a yi maka dariya ka dafa min zuri'ar zabin uwata?"

Zauren ya fashe da dariya. Wani ya ce ai sai a kawo gishiri da yaji. Mai unguwa ya share hawayen dariya da hannun riga.

"Rakiyya, ƙaddara ce. Yaro koyo yake. Ki yi haƙuri, baɗi ki nemi wasu."

"A ina? Wa yake da irinsu?"

Har an shiga zancen farashin riɗi.

Ta tashi a hankali kamar mai tafiya gida. Kwamfutar na buɗe a kan tabarma, inda Yahuza ya ajiye ta yana nuna wa mutane. Ta kife ƙwaryar a kai, ta sa tafin hannu ta murje, ruɓaɓɓen ruwan ya bi ta tsakanin maɓallai. Fuskar ta yi fari, ta yi baƙi. Mutane suka toshe hanci suna rige-rigen ƙofa.

Yahuza ya durƙusa yana kakkaɓewa. "Gwaggo, ta aro ce! Duk aikina yana ciki!"

Ta goge hannu a rigarsa, ta ɗauki ƙwaryarta.

"Wuce kawai, ɗana," ta ce. "Lafiya lau."