Littattafan Kaka da Zanen Jiya

"Ima, in an ƙona Kaka da littattafansa, wa zai riƙa juya wa Gwaggo shafi?"

Da ƙarfi Linthoi ta yi mini tambayar, a tsakar gida, gaban akwatin gawar surukina, gaban mazan da ke ɗaure gorar ɗaukarsa. 'Yata ce, shekararta shida; Ima, wato Mama, take kirana. Na jawo ta jikina na rufe mata baki, amma maganar ta riga ta fita.

Da asuba tsohon ya cika, kuma kafin rana ta take za a kai shi bakin kogi a ƙona. Kusa da akwatin, a kan ganyen ayaba, ƙaninsa Baffa Kulabidhu ya jera littattafan da ya sauko da su daga saman murhu, inda hayaƙi ke tsare su daga gara. Rubutun hannu ne na kakannin kakanni, kowane an matse shi tsakanin alluna biyu da suka yi baƙi ƙirin. A cikinsu akwai tsofaffin sunayen koguna, da waƙoƙin dashen shinkafa, da labarin ƙauyukan da ruwa ya ci, duk cikin tsohon harshen da ba mai sayen kifi da shi a kasuwar birninmu Imphal yau.

Tun da aka kawo ni gidan nan, aiki ɗaya nake gani kowace safiya. Tsohon ya zauna a baranda ya karanta, ƙanwarsa Gwaggo Ibemhal, malamar makaranta mai ritaya, ta rubuta da harshenmu na yau, da yamma kuma ta juya shi zuwa Turanci. Mace ba ta taɓa waɗannan littattafai. Saboda haka shi ke juya shafi, ita kuma ta miƙa wuya tana leƙe, hannunta na hagu a bayanta don kada ta manta. Sukan kwashe safiya guda suna faɗa a kan kalma ɗaya, ya ce mata makauniya, ta ce masa kurma, sannan su sha shayi.

"Kulabidhu, ko rabi ba mu kai ba," in ji Gwaggo. Muryarta ta dishe da kuka.

"Yaya, kin cika kabad da takardu. Ba su ishe ki ba?"

"Takarduna inuwa ce. Ga jikin nan kana shirin kai wa wuta."

"Mai su ya tafi, su bi shi. Na je wurin mai duba tun yana kwance. Ya ce littafin da ba shi da mai karanta masa addu'a yunwa yake ji, kuma da ƙarami yake farawa." Ya juyo ya dubi 'yata. "Wa ke kwana yana tari a gidan nan?"

Idanu suka koma kan Linthoi.

Linthoi tana da asma. Da damina ƙirjinta kan yi fito kamar butar shayi. Na sha rungumarta a bayan babur cikin ruwan sama, ina ƙirga numfashinta har asibiti. Likita ya ce danshi ne, da ƙura, da hayaƙi. Na janye gadonta daga bango, na hana ta shiga ɗakin girki, na dinka jaka don abin shaƙarta na rataya mata a wuya. Na san duk wannan. Amma da Baffa ya dube ta, tsoro ya kama ni. Wace uwa ce za a ce mata ga abin da ke cin ɗanta, ta tsaya neman hujja?

Gwaggo ta zauna a ƙasa kamar an zare mata ƙashi. Matar da ta yi musu da manyan malamai a taro, ta kori mai buga littafin da ya so ya rage mata shafuka, ita ce ta dube ni ta ce, "Tampha, in haka ne, a ƙona. Ba na ciniki da ran yarinya."

Sai na ji an ja gefen zanena.

"Ima," Linthoi ta yi raɗa, "ni ce na sa?"

Nan tsoron ya kau, wani abu mai zafi ya maye gurbinsa. Na hango ta tana girma a wannan unguwa, ana nuna ta da baki: ga yarinyar da aka ƙona littattafai saboda ita. Tarin kuwa zai dawo da damina mai zuwa, don wuta ba ta busar da bango. Su sun huta da nauyin da ba su iya karantawa, ita kuma an ɗora mata toka ta ɗauka har tsufanta.

Na ce, "Tsaya nan wurin Gwaggo."

Na zaga bayan gida, inda igiyarmu ta mata take, inda maza ba sa bi. Fanek ɗina na nan rataye, zanen da na yini da shi jiya na kuma kwana da shi, wanda na tuɓe da safe don in sa na makoki. Ban wanke ba. Namiji a wurinmu ba ya taɓa zanen da mace ta ɗaura, ba ya ma bi ta ƙarƙashinsa. Iyayenmu mata sun sha shanya shi a kan titi su tsayar da masu bindiga.

Na dawo na shimfiɗa shi a gaban kowa. Na ɗauki littafi na farko. Ya fi yadda na zata nauyi, yana ƙamshin hayaƙi. Na ji wata tsohuwa ta ja numfashi. Na ɗora na biyu, na uku, har ganyen ayabar ya zama fayau, na haɗa bakin zanen na ƙulle tamau.

"Ke! Kin haukace ne?" Baffa ya daka tsawa. "'Yar gidan wa ce ke? Kin ƙazantar da su!"

"To, Baffa, abin da ya ƙazantu zai hau wutar Baba?"



Na ja da baya na bar ƙunshin a tsakiya. "Ga su nan. Ban ɓoye ba, ban gudu da su ba. Wanda zai kai su kogi ya ɗauka."

Mazan suka dubi juna. Wani da ke kusa ya janye ƙafarsa a hankali, kamar ƙunshin zai yi tsalle.

Gwaggo ta share ido da bakin mayafi. "Miƙa hannu mana, Kulabidhu. Cikin irinsa na goya ka kana majina, ga ka nan har da furfura."

Dariya ta kuɓuce wa wata a bayan mata, ta mayar da ita tari.

Baffa ya juya ga mijina. "Yaima! Kana ganin matarka?"

Mijina, wanda shi zai kunna wa mahaifinsa wuta, bai ɗago kai ba. Ya ce, "Baffa, rana tana yi. Itace na jira."

Haka aka ɗauki tsohon, shi kaɗai.

Har yau Baffa ba ya cin abin da na dafa. In ya zo, a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi kiran mijina. Akwai gidajen da aka daina kira na ranar biki. Na saba.

Da aka gama makoki, na kai ƙunshin baranda na kwance. Gwaggo ta wanke hannu har ya yi fari, ta zauna a wurinta na kullum, ta dubi kujerar da ba kowa a kai. Ta miƙa yatsu, ta janye.

"Shekara da shekaru ina leƙensa kamar kayan shagon gwal," ta ce. "Yau an ce ɗauki, hannun ya ƙi."

Linthoi ta matso. Na ɗaura mata ƙyalle a hanci saboda ƙura, na zaunar da ita ta inda iska ke tasowa. Ta sa yatsu biyu ta ɗaga shafin.

"A hankali, ja'ira, ba kifi kike juyawa a kasko ba," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, na san wannan harafin! An koya mana a makaranta."

"To karanta, Malama. Ma'anar ki bar mini."

Aikin yana tafiya, ba sauri. Akwai kalmomin da suka tafi da tsohon. Idan Gwaggo ta ci karo da ɗaya, takan bar gurbi a takarda, ta harari kujerar ta ce, "Kurma, ka ga abin da ka jawo." Linthoi kuwa tana tari da damina, tana warwarewa da rani, kamar da, ba ƙari ba ragi.

Kai mai karatu, in hanya ta kawo ka gidanmu za mu ba ka shayi, Gwaggo ta karanta maka abin da ta fassara har ka gaji. Za ka ga ƙunshi a saman kabad cikin zane mai ratsi. Kada ka miƙa hannu. In kuma akwai abin da kake so ka ƙona don ya fi ƙarfin karatunka, ka nemi dalilinka a wani wuri. Kada ka kuskura ka sa sunan 'yata.