Kibod Ɗaya, Surukai Biyu

Mai Agogo ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe cikin agogon mutane. Ya daina aikin, amma hannu bai daina ba. Ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale shi. Ranar da harafi ɗaya ya maƙale a kibod ɗin kwamfutarsa, allon nan da ake danna haruffa a kai, sai ya ɗauko ƙaramin sukudirebansa. A ciki bai tarar da wani abin kirki ba, sai leda mai zane-zane da 'yan ƙwayoyin roba. Ya ɗaga ledar don ya ga ƙarƙashinta, ta yage.

Matarsa ta leƙo ta ga kayan a baje a kan tebur.

"Malam, harafi ɗaya ne ya mutu, ka kashe sauran su yi masa rakiya?"

"Abin ba shi da ciki," in ji shi. "Duk roba ce."

Da kwamfutar yake rubuta wa ƙanensa da ke nesa, wanda kunnensa ya yi nauyi har waya ba ta yi masa amfani. Dole a sayi sabon kibod. Wurin saye ne matsalar.

'Ya'yansa mata biyu ne, kuma mazansu duka kayan kwamfuta suke sayarwa, a jerin shaguna ɗaya. Dogo, mijin Babba, yana wancan ƙarshen. Mai Tabarau, mijin Auta, yana wannan. Kowace a cikin matan ta rantse shagon mijinta ne shago, ɗayan kuwa rumfa ce. Bara tsohon ya sayi linzamin kwamfuta a wurin Dogo, bai ɗauki abin komai ba. Tun daga nan Auta ta daina zuwa gidan ranar da yayarta take zuwa. Sai kwanan nan uwarsu ta samu suka fara zama falo ɗaya, kowace tana kallon bango.

"Ka saya a wurin bare mana, a huta," in ji matar.

"Ina da surukai biyu a sana'ar, in kai wa bare? Me za a ce da ni?"

"To ka aika."

"Ba na sayen abin da ban taɓa da hannuna ba. Zan je in duba duka biyun. Inda kaya ya fi, nan zan saya. Mai fushi ta yi."

Ya faɗa da ƙarfi, amma a hanya fushin nan ne ya yi ta yi masa yawo a rai.

Ya fara da shagon Mai Tabarau. Shago ne tsaf, komai a bayan gilashi, da fitilu ko da rana. Surukin ya miƙe da sauri ya jawo kujera.

"Baba, da kanka? Ai da ka kira."

"Ƙafata ba ta karye ba. Nuna mini kibod."

Aka jera masa. Ya danna na farko, shiru, kamar ya danna soso. Na biyu ma haka. Na uku yana da fitilu masu canza launi.

"Wannan rubutu ake yi da shi ko rawa?"

"Na masu wasan kwamfuta ne, Baba."

Sai Mai Tabarau ya sauko da wani baƙi mai nauyi daga can sama. Tsohon ya danna, abin ya ce ƙas. Ya sake dannawa, ya kai kunne kusa. Rabon da ya ji ƙara mai tsabta haka tun yana kan teburin agogo.

"Me ke ciki?"

"Kowane harafi da ɗan sifirin ɗinsa, murɗaɗɗiyar wayar da ke dawo da shi sama. Shi kaɗai ya rage mini."

Wani mai saye ya shigo, surukin ya juya. Kafin ya juyo, sukudireban ya fito daga aljihu, ya shiga ƙarƙashin harafin da ke kusurwar hagu. Tsohon ya hango wani abu shuɗi, hannunsa ya goce, bakin ƙarfen ya bar ɗan ƙarce a gefen allon. Ya mayar da sukudireban aljihu. Yanzu kam ko ya so ko bai so ba, kayan da ya ƙarce ya zama nasa. Amma ya riga ya ce zai duba duka biyun.

"Zan zaga in dawo," ya ce.

Shagon Dogo kuwa sai an bi a hankali. Kwalaye har rufi, wayoyi na reto, cikin kwamfutoci a buɗe kamar an yi musu fiɗa. Wurin ya yi wa Mai Agogo daɗi, bai dai nuna ba. Ya tsaya yana duba wani koren allo mai 'yan ƙananan ƙarafa da ƙaramar fanka.

"Wannan fankar me take hurawa?"

"Ƙwaƙwalwar, Baba. In ta yi zafi sai ta tsaya."

"Ashe har da ita. Kana da kibod mai ƙara? Mai sifirin a ƙarƙashin kowane harafi?"

Dogo ya kalli kantocinsa sau ɗaya.

"Akwai a sito. Zauna, Baba, yanzun nan."

Ya fice ta ƙofar baya. Tsohon ya zauna yana mamakin inda sito zai samu wuri a bayan wannan matsattsen shago. Ba a jima ba Dogo ya dawo yana haki, da baƙin kibod a hammata. Tsohon ya karɓa ya danna. Ƙas. Ya juya shi wajen haske. A kusurwar hagu, ga ƙarcen, sabo fil.

Ya miƙe ya nufi ƙofar baya.

"Baba, can ba wajen zuwa ba ne, duk shara..."

Ya tura ƙofar. Wani siririn lungu ne ya bi bayan shagunan tun daga wannan ƙarshen har wancan. Can a ƙarshensa, Mai Tabarau na tsaye a tasa ƙofar yana leƙe. Da suka haɗa ido, ya cire tabaran ya fara goge su da riga.

Tsohon ya yafito shi da yatsa ɗaya. Ya taho.

"Wannan ne siton naka?" ya tambayi Dogo, yana nuna ɗaya surukin.

Dogo ya sosa ƙeya. "Baba, haka sana'ar take. Ba mai iya ajiye kowane irin kaya. In ba ni da abu, na ɗauko wurinsa. In ba shi da shi, ya zo wurina. Ribar mu raba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi yaranmu."

"Linzamin bara fa?"

Mai Tabarau ya yi ƙasa da murya. "Daga shagona ya fito, Baba."

"Kuma ka zuba ido matarka ta yi ta gaba da 'yar'uwarta a kan kayanka?"

"Na taɓa ce mata shagona ba abin da babu. Na kasa janyewa."

"Ni ma haka na ce wa tawa," in ji Dogo.

Mai Agogo ya dube su, ƙattai biyu a lungun shara, kowa na kallon takalminsa. Ya biya kuɗin kibod ɗin duk da rantsuwarsu cewa ba za su karɓa ba, bai kuma ɗauka ba.

"Gobe ku kawo mini gida. Ku biyu, da matanku."

Washegari Babba ta zauna a kujerar bakin taga, Auta a ta bakin ƙofa. Aka ajiye kibod a kan tebur. Auta ce ta kasa haƙuri.

"Baba, a ina ka saya?"

"Ga su nan. Su faɗa."

Suka faɗa, wannan ya fara, wancan ya ƙarasa, da lungun, da linzamin. Babba ta juya ta kalli Dogo.

"Wato duk bakin da nake yi a gaban mutane, kai kana bin lungu kana aro?"

"Ki bari, Yaya," in ji Auta. Ta tashi daga kujerarta ta dawo kusa da ita. "Nawa mijin ya fi naki. Yana gani na daina gaishe ki, yana cin abincina bai ce uffan ba."

Suka sa mazan a gaba, baki ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Uwarsu ta koma kicin tana toshe baki da mayafi.

Mai Agogo ya jawo kibod ɗin gabansa, ya sa sukudireba a hankali, ya ɓalle harafin kusurwa. Ga shuɗin abin, ga ɗan sifirin a ƙarƙashinsa, siriri kamar na agogon hannu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Malam!" matar ta kira daga kicin. "Ka rubuta wa ƙanenka tukuna, kafin ka kashe wannan ma."

Ya mayar da harafin. Ya danna, ya ce ƙas.