Likkafanin Yaya Geum-rye

"Ɗauke min wannan buhun daga gabana," in ji Yaya Geum-rye, ta sa ƙafa ta ture akwatin katakon har ya bugi gwiwar ɗanta.

Ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon awara mai zafi, na cire takalmi ɗaya ke nan. Bango ɗaya ne ya raba ɗakina da nata a unguwarmu da ke kan tudun Busan, tun ɗanta Tae-seop yana tsallen matakala da gajeren wando. Yau ga shi durƙushe cikin kwat, furfura ta fara fito masa.

"Umma, ba buhu ba ne. Yadin rama ne saƙar hannu, mafi kyau da ake samu. Bana akwai watan ƙari a kalandar gargajiya, kin san duk ɗan da ya tanadi likkafanin uwarsa a cikinsa, tsawon rai yake roƙa mata."

"Likitanka ya ce ba zan ga hunturu ba, kai kuma kana roƙa min tsawon rai da buhun gishiri. Ku je ku daidaita bakinku." Ta juyo wajena. "Maman Jun-ho, shigo mana. Kin tsaya kamar wadda aka aiko karɓar gawa."

Tae-seop ya gaishe ni, kunnuwansa sun yi ja. Yaron kirki ne. Sau biyu yana kwantar da ita a asibiti saboda ciwon da ke cin hantarta, sau biyu tana ɗaure kayanta ta hau bas ta dawo gida. Ranar ya ɗora akwatin a kan kabad, ya ce zai dawo ƙarshen mako, ya sauka matakala yana share wuya.

Abin da ya dawo da ita gida yana shimfiɗe a tsakar ɗaki. Mayafi ne take haɗawa da ƙyallaye, gida-gida, kowane gida da irin zanensa. Wani kamar tagar ɗakin ibada, wani kamar gonakin shinkafa in an hango su daga tudu, wani ƙananan kusurwoyi ne da ba su kai farce ba, sun fi talatin a gida guda. Duk siliki ne, ja da kore da ruwan hoda da ruwan ƙwai, ragowar kayan amare da ta yi rayuwarta tana ɗinkawa a kasuwar yadi.

Mijinta ya nitse da jirgin kamun kifi tana da shekara ashirin da shida. Daga ranar dangin mijin suka sa mata ido. Fari da toka-toka kawai take sawa, ko kintinkiri ja ta ɗaura sai magana ta kai ƙauyensu. Sai dai duk rigar amaryar da ta yanka, takan jefa ɗan ƙyallen a gwangwanin biskit.

"Na tufatar da 'ya'yan mutane kamar furanni, ni ina yawo kamar toka," ta ce da ni tana cin awarar. "A cikin wannan zan tafi. Wanda bai so ba ya rufe idonsa."

"Yaya, gawa da ja? Ƙanin mijinki zai haɗiye haƙoran robarsa."

"Ya haɗiye. Da ma surutu suke sa shi."

Kafin lokacin zafi ya wuce hannunta ya fara rawa. Allura ta daina shiga inda take so. Sai ta sa aka kira ni da Bok-sun mai sayar da busasshen kifi a gindin tudu. Kullum da rana in ciniki ya lafa mukan hau, ta jingina da matasai tana ba da umarni. Ita ke zaɓar gidan da zai zauna kusa da wane. Ta sa mu jera su a ƙasa, ta duba, ta ce a mayar da koren can kusurwa, jan nan ya yi wa ɗan'uwansa tsawa.

Ɗinkin nata ba ya yafiya. Ana naɗe bakin ƙyalle cikin bakin ɗan'uwansa, a bi da zare ƙanana-ƙanana har ba a gane gaba da baya. Nawa kuwa sai ta ɗaga shi wajen taga ta tsuke baki.

"Wannan ɗinki ne ko sawun kaza? Warware."

"Yaya, da shi fa za a ƙona gawa, wuta ce za ta cinye shi," in ji Bok-sun. "Wa zai duba?"

"Ni zan duba. Kuma wanke hannunki, ba zan je lahira ina ƙarnin kifi ba."

Muka haɗa gidajen layi-layi, muka haɗa layukan. Da fuskar mayafin ta kammala, Bok-sun ta tambaya da wane yadi za a yi masa shafi. Yaya Geum-rye ta nuna saman kabad da haɓa.

Muka kalli juna.

"Sauko da shi. Yarona ya saya min, nawa ne."

Na sauko da akwatin, na buɗe. Riga ce da siket da sauran tarkacen suturar gawa, a ninke tsaf, launin busasshiyar ciyawa. Na ce hannuna ba zai iya ba. Ta karɓi almakashin da hannu biyu, ta ɗora bakinsa a wuyan rigar, ta danna da duk ƙarfin da ya rage mata. Sai da ta huta kafin ta kai ƙarshen hannun rigar. Daga nan na karɓa, don na ga ko mun ƙi, za ta ƙarasa ko da zai kai ta kwana uku. Muka farke kayan gaba ɗaya, muka goge, muka haɗa su shimfiɗa guda, muka ɗinke a bayan silikin. Ta sa muka ninke mayafin muka mayar cikin akwatin, muka ɗaure da igiyarsa yadda ya zo.

Bayan haka ba ta ƙara neman allura ba. Kunun shinkafa ma cokali biyu take sha ta kau da kai. Tae-seop ya ɗauki hutu ya zo ya tare a ɗakin. Wata safiya ya ƙwanƙwasa min ƙofa, ya ce, "Gwaggo, Umma ta tafi." Na shiga na same ta kwance ta gefe, tabaranta a hannu, rediyo yana ba da labarin yanayin teku.

A gidan makoki, rana ta biyu, aka kira dangi ɗakin da ake sa gawa a akwati. Ni da Bok-sun ba dangi ba ne, amma muka bi bayansu, ba wanda ya hana. Ƙanin mijinta, tsoho Man-deok, yana gaba da sandarsa. Tae-seop ya miƙa wa mai shirya gawa akwatin da hannu biyu. Mutumin ya kwance igiya, ya ɗaga murfi, ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, anya wannan ne?"

Ya ɗago shi, mayafin ya warware har ƙasa. Ɗakin fari ne fat, mu duka cikin baƙi. Matar Tae-seop ta rufe baki da hannu.

"Wane irin wasa ne wannan?" in ji tsoho Man-deok. "Gawa za mu sallama ko amarya? Matar yayana ce. Gidanmu ba a taɓa yin haka ba." Ya juyo da sandar wajenmu. "Aikin waɗannan matan kasuwar ne."

"Aikinmu ne," na ce. "Ita ta yanka, mu muka ɗinka. Shekara hamsin kuna zaɓa mata abin da za ta sa, Baba. Na yau ita ta zaɓa."

"Ko kofin shinkafa ba ku taɓa hawo mata da shi tudun nan ba," in ji Bok-sun, "sai dai ido."

Mai shirya gawar ya yi gyaran murya, ya ce akwai likkafani a ofis, yanzu za a kawo. Tsohon ya ce a kawo maza.

Tae-seop ya matsa kusa. Ya kama bakin mayafin ya juya shi. Ya ga yadin ramar, ya bi ɗinkin da yatsa har inda wuyan rigar yake a da, inda yankan ya karkace. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta haɗu da kukan.

"Baffa, a bar shi," ya ce. "Wanda na saya mata ne. Ga shi nan a ciki."

"Tae-seop, mutanen kamfaninka suna waje. Surukanka suna waje."

"Su ci miyar makoki su tafi gida. Uwata ce." Ya dubi mai shirya gawar. "Ramar ta taɓa jikinta, silikin a waje. Haka take nufi, ko Gwaggo?"

Na ce haka ne.

Tsohon ya fita yana buga sanda. Aka naɗe ta a hankali, jan gidan nan da ta yi ta sa mu matsar da shi ya faɗo daidai ƙirjinta. Tae-seop ya taimaka aka ɗaga ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Washegari a wurin ƙona gawa muka zauna a benci muna jira. Tae-seop yana gabana da hotonta a cinya. Wani ɗan zare ja ya maƙale a hannun baƙar kwat ɗinsa, kusa da gwiwar hannu. Matarsa ta gani, ta kai yatsu za ta cire, sai ta mayar da hannunta kan jakarta.