Masinjan da Ke Maƙogwaron Baba

Shekara talatin Baba ya yi yana masinja a ofis, bai taɓa aika abu bai ga inda ya sauka ba. Saboda haka da aka yanki ɗan nama daga ƙarin da ya fito masa a maƙogwaro, aka kai ɗakin gwajin da autarsa ke aiki, sai ya kafe shi ma sai ya bi sawu.

Auta ta zaunar da shi kan kujera mai juyawa. Likita ya riga ya gaya mata sauran gwaje-gwajen ba su raba gardama ba. In wannan ya nuna ciwon dajin mai saurin yaɗuwa ne, za a cire maƙogwaron, murya ta tafi ke nan. In ba haka ba, gasa ƙarin da hasken na'ura ya isa.

"To, me kuke nema a ciki?" in ji Baba, murya a dishe.

"Baba, kowace ƙwayar halitta tana da saƙonni, RNA ake ce musu. Wanda ke cewa 'ku hayayyafa', kamata ya yi a karanta a yaga. Amma akwai wani sinadari, furotin, da ke rungume shi, a yi ta karantawa. In ya yi yawa, ciwon mai sauri ne, kuma rini zai nuna shi ruwan ƙasa."

Baba ya tsuke fuska. "Masinja ya riƙe takarda? A zamaninmu a ranar zai bar aiki."

Dariya ta zo mata, hawaye suka riga ta. Da wannan muryar ya koya mata karatu a bayan tsofaffin ambulan, kuma tana tsoron rasa ta fiye da yadda za ta iya faɗa.

Ta ɗora gilashin da ke ɗauke da ɗan naman a madubin likita, ta daidaita, sai ta kasa sa ido. Ita da ke duba hamsin a wuni!

"Matsa, 'yar nan, ni ne mai kaya."

Ya kanne ido ɗaya ya leƙa, ya daɗe kamar ya san abin da yake yi.

"Shuɗi nake gani, ko'ina shuɗi. Sai wasu ɗigo biyu masu ruwan ƙasa can gefe, ragwaye."

Ta ture shi ta duba, ta zaga gilashin kusurwa zuwa kusurwa. Sai likita ya sa hannu tukuna, amma idonta ya san aikinsa: muryar ta tsira. Ta jawo waya.

"Bari in kira Mama."

"A'a, miƙo nan," in ji Baba, yana gyara murya. "Da bakina zan gaya mata."