Idon Kande da Jar Karsana

Ranar da aka raba katin tsofaffi a Cadakori, Jaye ya ɗinka wa nasa da na matarsa Kande 'yar jakar fata kamar laya, ya rataya a wuya. An ce musu duk wanda ya tsufa, gwamnati ta ɗauke masa nauyin asibiti. Jaye makiyayi ne mai yarda da magana. Ban da ciwon gwiwa, cutarsa ke nan.

Kande kuwa yanar ido ce ta rufe mata ido biyu. Da ita ke kai nono kasuwa, yanzu ko ƙwarya sai ta laluba. Suka shiga mota zuwa Maradi. Likita ya duba ta, ya ce sai an yi mata aiki, bai karɓi ko dala ba. Jaye har ya fara sa wa gwamnati albarka, sai wata malamar asibiti mai suna Munira ta ja shi gefe.

"Baba, katin ya biya ganin likita da rabin aikin. Sauran rabin da magani da gado naku ne. Ba ku cikin asusun lahiya na karkararku? Shi ka cike abin da ya rage."

"Wane asusu, ɗiyata?"

Asusun yana nan, ba ƙarya. Damen gero kowane gida ke zubawa da kaka. Sai dai manoma ne suka tsara shi, kuma lokacin zubi Jaye yana arewa da shanun da yake yi wa mutane kiwo, don kada su faɗa gonakin masu zubin. Kafin ya dawo an rufe. Haka bana, haka bara. Babu wanda ya cuce shi da gangan, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan, ba a ma sami wanda za a zaga ba.

Ya bar Kande wurin wata 'yar'uwarta a Maradi, ya ce mata saura 'yan takardu, ya koma gida.

Saniya ɗaya ce a turkensa, ita ma ba tasa ba. Habbanaye ce: abokinsa Mumuni na Sae Sabuwa ya ba shi aronta bayan fari ya share garken Jaye. Al'adar ita ce ka riƙe ta sai ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne, uwar ka mayar wa mai ita. Na farko ya mutu. Na biyu an kai shi kasuwa an dawo da gero. Saura jar karsana da aka yaye kwanan nan, wadda Jaye ke wa kallon garke guda.

Maƙwabcinsa Rashidu, manomi, ya ce, "Ka sai da uwar mana. Mumuni na da shanu, guda ba ta rage mai komi."

Jaye ya dube shi kamar wanda aka miƙa wa mushe. Ya kora saniyar har Sae Sabuwa, tunda lokacinta ya cika.

"Yaya idon mai ɗakinka?" in ji Mumuni.

"Da sauƙi."

Mumuni ya san babu sauƙi, Jaye ma ya san ya sani. Amma a wurinsu roƙo abin kunya ne, tayin taimako kuma cin fuska. Suka sha fura, suka yi hirar ruwan bana, suka rabu lafiya. Da ina wurin da na gwara kawunansu.

Ran kasuwa Jaye ya sayar da karsanar, ya koma Maradi. Kuɗin suka ishi aikin ido ɗaya.

"Wane za a yi, Inna?" Munira ta tambayi Kande.

"Ko wane, ɗiyata. Ni dai in ga jar karsanar nan tamu. Tun da anka haihe ta hannuna kaɗai ya san ta."

Jaye ya juya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Aikin ya yi kyau, wannan kam ba a raina musu. Da suka iso gida, Kande ba ta ko shiga bukka ba, ta zagaya baya tana kare rana da tafin hannu. Turaku biyu ta gani ba dabba ko ɗaya, sai busasshen kashin shanu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo ta dubi mijinta, ta ga yadda ya tsufa a shekarun da ba ta gan shi ba, ga jakar katin nan a wuyansa.

"Igiyar karsanar dai ka dawo da ita?"

"Na dawo da ita."

"To, rataye ta bisa, kar gara ta ci."