Ƙasar da Datti Ya Kwashe

Ko da Datti ya iso bakin titin Kawo, an riga an rufe matarsa Hansai da zane. Ƙwaryar furarta ta tarwatse. Motar da ta buge ta kuwa ba ta tsaya ba.

Jama'a suna ta tattake wurin. Datti bai iya kallon takalma a kan jinin matarsa ba. Ya durƙusa, ya kwashe ƙasar da hannu biyu, ya zuba a buhu don ya binne.

Bayan azahar wani ɗan sanda mai bincike, Saje Mamman, ya same shi a zaure.

"Baba, ƙafafun mutane sun share komai. An ce ka kwashi ƙasa?"

"Jinin iyalina ne. Ba abin kallo ba."

"Ka ba ni aron rariya. Wallahi ba zan wulaƙanta shi ba."

Saje ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya tankaɗe ƙasar a hankali. Da hantsaki ya tsinto gutsattsarin gilashi bakwai da ɓawon shuɗin fenti, bai kai ƙwayar gero ba. Kowanne da ambulan ɗinsa. Ya miƙa wa Datti madubin da ke ƙara girman abu.

"Duba gefen fentin."

Datti ya duba. Shuɗi a sama, fari a ƙasa, ja a can ƙarƙashi, hawa uku.

"Sau biyu aka sake wa motar launi," in ji Saje. "Duk abin da ya taɓa wani, sai ya bar masa wani abu."

Datti ya ɗago kai. "Ikon Allah. Ashe ƙasa ma tana ba da shaida."

* * *

Kwana tara Saje yana bin garejin masu fenti. A na goma ya kai Datti wani gida mai katanga a Unguwar Rimi. Ga shuɗiyar mota an lulluɓe ta da tamfol. Saje ya ɗora gutsuren gilashi a bakin fasasshiyar fitilar. Ya zauna daram, ko gashi ba zai ratsa ba.



* * *

Masu shago a Kawo duk sun ga mai tuƙin: saurayi ne mai tulin suma, ɗan mai gidan da aka samu motar. Ranar shari'a babu wanda ya zo a cikinsu.

Wanda aka tsayar gaban alƙali direban gidan ne, Yusha'u, tsoho mai furfura. Ya ce shi ne ya tuƙa motar, kansa a ƙasa.

Datti ya kama hannun Saje a waje. "Ɗana, gilashinka bai faɗi wanda ya tuƙa ta ba?"

"Mota ya sani, Baba. Bai san hannu ba."

A gindin dalbejiyar kotu matar Yusha'u tana zaune da kwanon tuwo a cinya. Aka wuce da mijinta ta ƙofar baya. Ba wanda ya gaya mata.